Sharhi kan Alex Warner na Coronation Street: an dace da ɗan wasa, an yi sakaci da labarinsa

A shekarar 2015 ne shirin Coronation Street, wasan kwaikwayo mai dogon zango da tashar ITV ta Ingila ke nunawa tun 9 ga Disamba 1960, ya shigo da wani saurayi mai suna Alex Warner. Alex yana da larurar Down, kuma Liam Bairstow, wanda aka ba rawar, shi ma da ita aka haife shi. Shirin ya kusa shekara 55 yana gudana kafin a ga mai wannan larura cikin 'yan wasansa na yau da gobe.

Hukuncina a kansa kashi uku ne. Zaɓen ɗan wasan ya yi daidai, babu abin kushewa. Rubutun farko, wato daga zuwansa zuwa ƙarshen 2016, ya yi kyau ƙwarai a wasu wurare, ya yi rauni a wasu. Abin da ya biyo baya kuwa sakaci ne: an riƙa ajiye shi a gefe har mai kallo ya kai ga tambayar ko yana nan ma.

Sai an san larurar kafin a iya auna rawar. Ƙwayar halittar jikin mutum tana ɗauke da kuromosom 46, wato zaruruwan da ke ɗauke da gado, iri 23 bibbiyu, rabi daga uwa, rabi daga uba. Mai larurar Down yana da 47, saboda na 21 ya zo uku maimakon biyu. Kusan 95 cikin 100 na masu ita haka abin yake. Tun shigar ciki take faruwa. Ba abin da uwa ta ci ba ne, ba jifa ba ne, ba shafar aljanu ba ce, sai dai yiwuwarta tana ƙaruwa da yawan shekarun uwa. Ana samunta a kusan haihuwa 1 cikin 1,000. A wajenmu an fi cewa galahanga, amma sunan yakan tattara larurori daban-daban wuri guda, shi ya sa na tsaya kan sunan Down.

Abubuwa huɗu ne a cikinta suka shafi aikin ɗan wasa kai tsaye. Abin da mutumin yake ganewa ya fi abin da yake iya furtawa. Tsokokin jiki suna da sanyi, har da na harshe da leɓe, don haka wasu haruffa ba sa fita tsaf. Raunin ji ya yi yawa a cikinsu. Sannan riƙe doguwar magana da aka ji da kunne yana yi musu wuya, alhali abin da suka gani da ido, hoto ko rubutu ko wani ya yi a gabansu, yana zama daram. Duk wannan ba taɓin hankali ba ne. A Ingila ma ana rarrabewa tsakanin naƙasar koyo, wadda ke tare da mutum har ƙarshen rayuwa kuma take shafar fahimta da harkokin yau da kullum, da matsalar koyo irin ta wanda haruffa ke cakuɗe masa wajen karatu amma basirarsa lafiya lau. Ƙungiyar Mencap mai tallafa wa masu naƙasar koyo ta ƙiyasta yawansu a Birtaniya da kimanin miliyan 1.5. Alex a rukunin farko yake.

Wanda bai san Benny ba, ba zai gane nisan da aka yi ba. Benny Hawkins ɗan aiki ne a shirin Crossroads, wanda aka nuna daga 1964 zuwa 1988, labarin wani masaukin matafiya a kusa da Birmingham. Paul Henry, ɗan wasan da ba shi da wata naƙasa, shi ya riƙe rawar daga 1975 zuwa 1987. Kullum da hular ulu a kansa, magana a hankali, zuciya fara tas, yana bin Diane, ma'aikaciyar masaukin da ta koya masa karatu. Jama'a sun so shi matuƙa. Amma dubi abin da aka gina shi da shi: hula, tafiya, murya, da tausayi. Masifa ce ke samunsa, ba shi ke motsa labari ba. Budurwarsa ta mutu ranar aurensu, an ɗora masa laifin kisan da bai yi ba. A ƙarshe sunansa ya koma zagi a makarantun Ingila, kuma sojojin Birtaniya da suka je tsibiran Falkland a 1982 da shi suka riƙa yi wa mutanen tsibirin laƙabi. Fitowarsa ta ƙarshe, ya tafi ɗora ado a kan bishiyar Kirsimeti, ba a ƙara ganinsa ba, ba a kuma yi wa kowa bayani ba.

Mai kallon finafinanmu ya san wannan ƙira sarai: a ɗauko lafiyayyen ɗan wasa, a ɗage masa wando, a karkace masa hula, a ce ya yi dolo don a yi dariya. Illarta ɗaya ce a ko'ina. Yaran unguwa suna ɗaukar sunan, su liƙa wa yaron da ke da larurar da gaske.

Coronation Street ya kauce wa wannan tun daga tushe, domin bai nemi wanda zai kwaikwayi larura ba. Bairstow ɗan Bradford ne, kuma ya samu horo a Mind the Gap, kamfanin wasan daɓe na masu naƙasar koyo da aka kafa a garin a 1988. An gano shi a wani taron gwaji da shirin ya shirya wa 'yan wasa masu naƙasa. Ma'ana da sana'arsa ya zo. Ana ganin haka a allo. Ya san inda zai tsaya kyamara ta same shi, ya san ya jira abokin wasansa ya gama kafin ya sako tasa, kuma ya iya sakin maganar ban dariya a daidai gaɓarta, wanda ko a cikin ƙwararru ba kowa ya iya ba. Idan an yi dariya a fitowarsa, maganar da ya faɗa ake yi wa, ba shi ba. Wannan shi ne ma'aunin da na fi dogara da shi a irin wannan rawa, kuma ya ci shi.

An kuma yi dabara wajen inda aka dasa shi. Alex ɗan Nessa ne, Nessa kuma 'yar'uwar Cathy Matthews, wadda Melanie Hill ta fito a matsayinta. Cathy bazawara ce da rasuwar mijinta Alan ta jefa cikin tara tarkace har gidanta ya cushe. A lokacin tana tare da Roy Cropper, mai gidan shayin Roy's Rolls, wanda shi ma matarsa Hayley ta rasu a farkon 2014. Da Nessa ta tafi abinta, Alex ya zauna wurin innarsa, ya kama aiki a gidan shayin.

Gidan shayin nan shi ne mafi kyawun shawarar da marubutan suka yanke. A shiri irin wannan wurare kaɗan ne kowa ke ratsawa: mashayar Rovers Return, kantin kan kwana, da wurin Roy. Duk wanda aka tsayar bayan kanta a ɗayansu zai haɗu da kowa ba tare da an ƙirƙiro dalili ba. Sai ga Alex da atamfar aiki a gaba, yana karɓar oda, yana kai faranti, yana share tebur, yana jefa baki a zancen da ba nasa ba. Ba a taru a kansa ba, ba a yi wa'azi a kansa ba. Mai kallo yana ganinsa a bakin aiki sau da yawa har abin ya daina zama abin lura. Ga wanda ya san cewa a Ingila kusan 5 cikin 100 ne kawai na manya masu naƙasar koyo da hukumomin kula da jama'a suka sani suke da aikin albashi, wannan hoton ba ƙaramin abu ba ne. Mai shago da ke kallo yana iya cewa, ashe ana iyawa.

Haɗa shi da Roy ma ya yi armashi. David Neilson yana riƙe da rawar Roy tun 1995: mutum mai ƙa'ida, mai tsawaita bayani, wanda hulɗa da jama'a ke yi wa nauyi. Shirin bai taɓa sa wa halinsa sunan wata larura ba. Roy ba ya sauya murya idan zai yi wa Alex magana, ba ya yi masa irin lallashin da ake yi wa ƙaramin yaro. Idan ya yi daidai ya ce ya yi, idan ya yi kuskure ya gyara masa. Abin sha'awar shi ne a cikin su biyun Alex ne ya fi sakewa da mutane, ya fi saurin gane halin da wani yake ciki. Wannan juyin ya karya zaton mai kallo ba tare da an faɗa masa komai ba.

Sun kuma bar shi ya zama mai laifi, kuma na yaba da hakan. Alex yana da tsiwa, yana son zaman mashaya, yana tsokanar 'yan mata, yana iya kafewa a kan abin da yake so. Akwai wata ƙarya mai daɗin ji da ake yawan yi wa masu larurar Down, cewa kullum cikin fara'a suke, ba su san fushi ba. Iyayen da ke rainonsu sun san ba haka ba ne. Suna fushi, suna kishi, suna ƙosawa, suna shiga damuwa mai tsanani har ta kai ga magani. Rawar da ta mai da mutum mala'ika ta tauye shi kamar yadda wadda ta mai da shi abin dariya ta tauye shi, domin duka biyun sun hana shi zama baligi.

To ina aka samu matsala? Farko a babban labarin da aka ba shi. Ya bayyana cewa Nessa ta ci amanar 'yar'uwarta da Alan, kuma Alex ɗan Alan ne. Wato yaron da Cathy take riƙo ɗan 'yar'uwarta ne kuma ɗan mijinta. Labari ne mai nauyi, ya kuma dace da irin shirin. Amma na wa ne? Kukan na Cathy ne, rikicin na Cathy da Nessa ne, damuwar ta Roy ce, kuma duk yana tafiya ne zuwa ga auren Cathy da Roy da aka fasa a ƙarshen 2016. Saurayin da asalinsa ake magana a kai shi ya fi kowa ƙarancin fili. Akwai hanya mai sauƙi ta gane wannan a kowane shiri. A duba wa ya buɗe fitowar, a kan fuskar wa kyamara ta tsaya da aka rufe ta, sannan a ƙirga sau nawa aka yi magana da shi, sau nawa aka yi magana a kansa yana wani ɗaki. Inda na biyun ya rinjayi na farko, labarin na mai riƙo ne, mai larurar kayan aiki ne kawai.

Na biyu, burinsa na zama da kansa. An taɓo shi, kuma shi ne labarin da ya fi cancanta a zauna a kai, domin kowane gida mai irin wannan ɗa sai ya iso wurin. Ga yadda abin yake a Ingila. Dokar kula da manya ta 2014 ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta auna buƙatun mutum: ko yana iya girki, wanka, shan magani, riƙe kuɗi, hawa mota shi kaɗai. Sai a auna abin da yake da shi don a san nawa zai biya daga aljihunsa. Sai a zaɓi wurin zama: ko gida wurin dangi, ko ɗakin haya da sunansa tare da ma'aikaci mai zuwa na wasu sa'o'i, ko zama da wani iyali da aka tantance, ko gidan kulawa. A kowane mataki akwai inda ake tuntuɓe. Jiran gida yakan ɗauki dogon lokaci. Sa'o'in da aka amince da su sukan gaza abin da ake buƙata. Mutumin da kansa yakan ce "ina iyawa" ga duk tambayar da ma'aikaciya ta yi masa, don yana so ya burge ta ko don ya saba amsa e, sai a rubuta masa taimako kaɗan. A sama da duk wannan akwai dokar 2005 kan ikon yanke shawara, wadda ta ce a ɗauka baligi yana da ikon yanke wa kansa hukunci sai an tabbatar da akasin haka, a taimaka masa ya fahimta kafin a ce ya kasa, kuma zaɓin da bai yi wa dangi daɗi ba ba hujja ba ce ta cewa ba shi da hankalin zaɓa. Ga inna mai tsoro, ga saurayi mai son mukullin ƙofarsa, ga doka ta tsaya a bayansa. Wannan kaɗai ya isa labarin wata shida. Shirin ya ratsa ta kansa da sauri ya koma kan masu kisa da masu cin amana.

Na uku shi ne ɓacewa, kuma a nan sai an duba yadda ake haɗa shirin. A 2017 Coronation Street ya koma kashi shida a mako, kowanne kusan minti 22 idan an cire talla. Wato a lokacin sama da awa biyu na gamammen wasa duk mako, tsawon babban fim guda, ba hutu. Ana ɗauka makonni kafin a nuna. Daraktoci da yawa suna aiki lokaci ɗaya, kowa da nasa rukunin. Ba a bin jerin labari: duk fitowar da ke gidan shayi a rukunin ana iya ɗauke ta a yini ɗaya, ta Litinin da ta Juma'a a jere. Rihazal, wato gwajin wasa kafin ɗauka, kaɗan ne, kuma ana iya sauya rubutu ana gobe ɗauka.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cin karo da abin da ɗan wasa mai naƙasar koyo yake buƙata. Abin da masu wannan aiki suka sani yana yi ba ɓoyayye ba ne. A ba shi rubutun da wuri, da manyan haruffa, an yi wa layukansa alama. A naɗa masa su a murya ya riƙa saurare. A rubuta gajerun jimloli, kowace da ma'ana ɗaya, a kuma yarda ya sauya kalmar da ke yi masa nauyi a baki. Darakta ya ba da umarni ɗaya a lokaci ɗaya, yana fuskantarsa, ya nuna da jikinsa inda za a tsaya, sannan ya yi shiru kamar daƙiƙa goma kafin ya maimaita, domin maimaitawa da wasu kalmomi daban tana sa a koma farkon fahimta. A samar da mataimaki guda wanda ya saba da shi, da ɗaki marar hayaniya don hutu. Kafin kowace fitowa a tuna masa abin da ya faru gabaninta a labari, tunda ba a jere ake ɗauka ba. Mai ɗaukar sauti ya matso da makirfo maimakon a ce ya ɗaga murya. Mai tace hoto kada ya yanke ɗan shirun da yake yi kafin ya amsa, don a cikin shirun ake ganin yana tunani. Dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki irin waɗannan gyare-gyare, kuma gwamnati tana da tsarin Access to Work da ke biyan kuɗin mataimaki.

Duk cikinsu babu mai tsada. Abin da suke ci shi ne lokaci, shi ne kuma abin da shiri mai kashi shida a mako ba shi da shi. Ga 'yan wasa sama da sittin kowa yana jiran rabonsa. A irin wannan matsi, hanya mafi sauƙi ga ɗakin marubuta ita ce a ba shi layi biyu a bayan kanta, ko a ce ya tafi wurin mahaifiyarsa. Ba sai wani ya yi niyyar mugunta ba. Abin da mai kallo ya gani dai shi ne fitowar Alex ta yi ta ja baya, kuma da Cathy ta bar shirin a 2022 igiyar da ta ɗaure shi da sauran labarai ta ƙara sakwarkwacewa. Kuskuren gini ne tun farko: an rataye shi a jikin mutum ɗaya. Da an ba shi aboki sa'ansa, da abokin gaba, da budurwa ta dogon lokaci, da tafiyar inna ba ta girgiza shi ba. Sauran samarin shirin kowa ya yi soyayya, ya yi aure, ya yi saki. Shi ba a ba shi labarin so mai tsawo ba, alhali masu larurar Down suna soyayya, wasu suna aure.

Sai a 2021 marubuci Jack Thorne ya tsaya a taron talabijin na Edinburgh ya ce masana'antar ta gaza wa masu naƙasa, a shekarar da ta biyo kuma manyan tashoshin Birtaniya suka haɗu a wani shiri na gyara wuraren ɗauka da tsarin aiki. Alex ya riga wannan gyara zuwa da shekara bakwai.

Akwai abin da ya fi damuna da aka bari, wato lafiya. Kusan rabin jariran da ke da larurar Down ana haifarsu da matsalar zuciya. Matsalar maƙoƙo, raunin ji da na gani, da ɗaukewar numfashi cikin barci duk sun yi yawa. Saboda haka a Ingila duk wanda ke rajistar masu naƙasar koyo yana da haƙƙin binciken lafiya sau ɗaya a shekara daga shekara 14. Wani bincike da Jami'ar Bristol ta fitar a 2013 ya gano maza masu naƙasar koyo suna mutuwa shekara 13 kafin sauran maza, mata kuma shekara 20 kafin sauran mata. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne likita ya ga mutum ya yi shiru ko ya daina cin abinci, ya ce ai larurarsa ce, alhali ciwon haƙori ne, ko cushewar ciki, ko maƙoƙo ya yi sanyi. Ga kuma abin da ke gaba. Yanzu suna kaiwa shekara 60, da yawa suna rayuwa bayan iyayensu, kuma cutar mantuwa ta Alzheimer tana zo musu da wuri saboda ƙwayar gadon da ke da hannu a cikinta tana kan kuromosom na 21. Tambayar "wa zai riƙe shi bayan raina" ita ke hana masu riƙo barci. Akwai kuma abokan ƙarya, masu raɓar mutum don su cinye masa kuɗin tallafi ko su mai da ɗakinsa majalisarsu. Shirin da ya yi suna wajen ɗaukar batutuwa masu zafi, har da mutuwar Hayley da cutar daji, yana da ƙarfin ɗaukar ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Idan aka ajiye shi kusa da takwarorinsa, har yanzu yana gaba ta fuska ɗaya. EastEnders na BBC ya kawo Janet, 'yar Billy da Honey Mitchell, a 2006. Uwar ta kasa karɓarta da farko, har aka kai ga batun ba da ita riƙo, kafin ta dawo da ita. Ƙungiyar ungozomomi ta ƙasar ta koka kan yadda aka nuna ma'aikatan asibiti. Emmerdale ya kawo Leo, ɗan Marlon da Rhona, a 2011, sannan a ƙarshen 2020 ya yi labarin Laurel da Jai da suka zubar da ciki bayan gwaji ya nuna larurar, abin da ya sa dubban mutane sa hannu a takardar ƙorafi. Dukansu labaran iyaye ne a kan jariri ko ciki. Suna da amfaninsu, musamman na Janet da aka bari ta girma a idon masu kallo. Amma tambayar da suke yi ita ce ko a karɓi yaron. Alex ya shigo da gemunsa, da albashinsa, da bakinsa. Uwar da aka gaya wa sakamakon gwaji jiya ta fi buƙatar ganin wannan, don abin da ke cinta shi ne yadda ɗanta zai kasance a shekara 25.

Ga mai son kallo, fitowar 2015 da 2016 su ne masu tsoka. Manhajar ITVX a Birtaniya kawai take aiki, amma shirin yana da shafinsa a YouTube inda ake sa gajerun yankuna. A kunna rubutun ƙasa idan akwai, domin Ingilishin arewacin Ingila yana da wuyar kamawa ko a bakin wa, kuma shi ne zai fi ba da wahala, ba furucin Bairstow ba. Iyaye su sani shirin manya ne: akwai shan giya, akwai zaman da ba aure, akwai cin amana, don haka a tace kafin a nuna wa yara. Malaman makarantun masu buƙata ta musamman za su amfana da fitowar gidan shayi wajen nuna yadda ake raba aiki mataki-mataki: karɓar oda, maimaita ta ga mai saye, kai ta kicin, dawowa da faranti. Masu rubuta shirye-shirye masu dogon zango kuma su kalli fitowar Alex da Roy, su lura da tsawon jimlolin da aka ba shi da yadda abokin wasansa yake jiransa ya ƙarasa.